Ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, bai iya karanta layi biyu ba: a wane aji abin ke lalacewa?

Malamin Faransanci, CEG, Tawa:
Assalamu alaikum malamai. Ina son mu tattauna halin yaran da firamare ke turo wa kwaleji a nan Nijar. Da yawansu suna shiga aji na 6e, ajin farko na kwaleji, ba su iya karanta layi biyu na Faransanci a jere ba, sai sun tsaya a kan kowace kalma. A dikte kuwa abin ya fi muni: kalmomi a manne, l'école ta zama lécol, il y a ta zama ilia, babu aya, babu babban baƙi a farkon jimla. Yaron da bai san inda kalma ta fara da inda ta ƙare ba, ta yaya za a koya masa daidaita aikatau da mai aikatawa? A ganina an saki dikte, an saki nahawu, aka kuma dakatar da jarabawar CFEPD ta gama firamare kusan shekara goma, kowa yana wucewa ko ya iya ko bai iya ba. An maido da ita a 2024, madalla. Amma ga shi ana ta maganar a fara koyarwa da Hausa, ni kuwa tsorona kada ɗan Faransancin da ya rage shi ma ya tafi.

Tsohon Sufeto:
Wa alaikumus salam, Malam. Ciwon da ka faɗa gaskiya ne, amma mu tsaya mu auna shi. A gwajin PASEC na 2014, wanda ake yi a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, yaran Nijar na ƙarshen firamare da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai 10 cikin 100 ba. A na 2019 sun kai wajen 30 cikin 100. Har yanzu bakwai cikin goma suna ƙasa, babu abin alfahari. Sai dai ka lura, yaran da aka auna a 2014 sun yi kusan duk firamarensu lokacin da CFEPD take nan. Ke nan ba dakatar da ita ya haifar da abin ba. Jarabawar ƙarshe tana tace yara ne, ba ta koya musu karatu.

Zancen "da can an fi iyawa" shi ma a yi masa adalci. Da can yara kaɗan ake ɗauka, wanda ya kasa ya maimaita aji, ya sake kasawa a kore shi. Waɗanda muke tunawa su ne suka tsira, sauran sun koma gona babu wanda ya ƙirga su. Daga ƙarshen shekarun 1990, musamman da shirin PDDE na bunƙasa ilimi da aka fara a 2003, aka buɗe makarantu ko'ina, aka cika su da malaman kwantaragi, wasu ba su taɓa shiga makarantar horon malamai ba. Da ma'aikatar ilimi ta gwada malaman kwantaragi a 2017, wajen kashi ɗaya bisa uku ne suka samu matsakaicin maki. Ba laifinsu ba ne su kaɗai, haka aka ɗauke su. Amma abin da ya fi damuna shi ne al'adar rabon aji: gogaggen malami a ba shi CM2 saboda jarabawa, sabon zuwa a jefa shi CI, ajin farko, alhali a CI da CP, aji na biyu, ake koyon karatu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malamar CI:
Baba Sufeto, Allah ya ƙara lafiya, ka taɓo wurin. Abin da ake kira karatu a yawancin azuzuwan CI da CP hadda ce. Malami ya rubuta jimla a tabulo, ya nuna da sanda, ya faɗa, aji duka ya amsa da ƙarfi, sau goma, sau ashirin. Wanda ya wuce ta bayan aji zai ce karatu ya kankama. Hanyar gane gaskiya ba ta da wuya. A rufe hoton da ke shafin da tafin hannu, a nuna wa yaro kalma daga tsakiyar layi, ko a ce ya karanta daga ƙarshe zuwa farko. Mai hadda zai ɗaga kai sama ya fara rero jimlar daga farkonta. In ana son tabbaci, a rubuta masa gaɓoɓin da ba su da ma'ana, kamar nuti ko kimu. Wanda ya san haɗa baƙi da wasali zai karanta su, mai hadda ba shi da abin kamawa.

Darasin da ke aiki bai wuce minti 30 zuwa 40 ba, sauti ɗaya tak. Ana farawa da kunne, ba da alli ba: malami ya faɗi kalmomi, yara su tafa in sun ji m a ciki. Sannan a nuna harafin, su zana shi a iska, su zana a ƙasa da yatsa, kafin a zo kan allo. Daga nan sai haɗawa, kuma nan ne ake yawan yin gaggawa. A riƙe katin m a hannu ɗaya, ana sauya wasali a ɗayan: ma, mi, mu, sannan a rikita jerin, mu, ma, mi, don kada shi ma jerin ya zama waƙa. Da wasula uku, a, i, u, da baƙaƙe huɗu, m, n, k, t, yaro Bahaushe ya riga ya iya karanta nama, kaka, tuta, kuka, taki, tunani, har da jimla kamar "Nana ta kama tuta". Sharaɗin shi ne kada a saka masa kalma mai harafin da bai koya ba, don daga nan yake fara cinta.

Minti goma na ƙarshe na rubutu ne, da hanyar La Martinière da duk muka sani: a faɗi gaɓa, a buga tebur su rubuta, a sake bugawa su ɗaga alluna. Amfaninta yana ga malamin da ke duban layin baya. In ido yana kan yara biyar na gaba masu ɗaga hannu, ɗaga allon ya zama wasa. Harafi biyu ko uku a mako ya isa, rana ta ƙarshe ta bita ce.

Malamin Faransanci, CEG, Tawa:
Malama, na yarda da hanyar, amma duk misalanki na Hausa ne. Jarabawar BEPC ta gama kwaleji da bak ta shiga jami'a da Faransanci ake yin su. In yaro ya share shekara biyu yana karanta kaka da tuta, yaushe zai kamo wanda ya fara da Faransanci tun ranar farko? Iyaye ma abin da suke tambaya ke nan, shi ya sa masu hali ke kai ƴaƴansu makarantun kuɗi.

Mai horon malamai:
Malam, haɗa baƙi da wasali sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Tambayar ita ce a wane harshe ya fi saurin shiga. A rubutun Hausa, abin da aka rubuta shi ake faɗa, kusan ko'ina. A Faransanci sautin o kaɗai ana rubuta shi o, au, eau, ga kuma haruffan ƙarshe da ba a faɗa, kamar a mot da chaud. Yaro ɗan shekara bakwai daga Bambeye ko Kalfu da aka fara wa da Faransanci yana ɗauke da kaya biyu lokaci guda: bai san harafin ba, in ma ya haɗa ya furta, bai san me ya faɗa ba, don haka ba shi da yadda zai gane ya yi daidai ko ya yi kuskure. Mai karanta nama yana jin ma'anar, shi da kansa zai gyara in ya kauce.

Kuma abin ba sabo ba ne a ƙasar nan. Tun 1973 aka fara makarantun gwaji da Hausa a Damagaram, dokar tsarin ilimi ta LOSEN ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a koyarwa tare da Faransanci. Inda ake faɗuwa shi ne wurin tsallakawa. Faransanci na baki ya kamata ya fara tun CI, kullum, minti 20 zuwa 30: gaisuwa, umarni, sunayen abubuwan aji, gajerun tambayoyi. In an zo rubutunsa, ba a komawa farko. Haruffa irin a, i, b, d, l, m, n, t suna tsallakawa yadda suke, kwana kaɗan sun isa. Lokacin a kashe shi kan masu yaudara: u na Hausa shi ne ou na Faransanci, c na ci da ciki ya koma k ko s, g yana sauya murya gaban e da i, s tsakanin wasula biyu ya zama z, h kuma ba a faɗarsa.

Sai sautukan da babu su a bakin yaro sam: p, v, u na Faransanci, da na hanci, an, on, in. Wanda kunnensa bai raba su ba, hannunsa ba zai raba su ba. Ana horon kunnen da kalmomi biyu-biyu: port da fort, pin da fin, beau da veau, rue da roue da riz. Nan Adar akwai ƙarin aiki, tun da f ɗinmu yana karkata zuwa h, ana cewa hwara a maimakon fara. Sai a zaunar da yara biyu suna fuskantar juna, kowa ya dubi bakin ɗan uwansa: a p leɓɓa suna rufewa ruf, a f haƙoran sama suna taɓa leɓen ƙasa. Rabin abin da kuke ja wa jan biro a kwaleji kuna cewa kuskuren rubutu ne, daga kunne ya taso.

Daraktan makarantar ƙauye, yankin Buza:
Duk wannan daidai ne in yaro yana aji kuma malami yana aji. Mu yi lissafin kwanaki. A takarda, shekara daga Oktoba take zuwa Yuni. Ajin zana kuwa sai an gama girbi an samu karan gero ake kafa shi, sau da yawa sai cikin Nuwamba. Ruwan farko ko iskar da ke gabansa ta zo a ƙarshen Mayu, rumfa ta faɗi, yara sun tafi shuka. Gwamnati da kanta ta ambaci azuzuwan zana wajen 36,000 a ƙasar, kuma ba mu manta gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai da ta Maraɗi a 2021 ba, Allah ya jiƙan yaran. Wane aji ake sakawa a zana? Ƙanana. CM2 ke samun ginin siminti da tebura. Ke nan ajin da ya fi buƙatar kwanaki shi ke da mafi ƙarancinsu.

A kan haka a ɗora ranar kasuwa kowane mako, da kwanakin da malami ke yi a gari wajen karɓar albashi, da yajin aiki, da lokacin dashe da cirar albasa a wajen Galmi da Madawa, da gidajen da maza suka tafi cin rani aikin rijiya da kiwo ya koma kan yara. A arewa, wajen Tiliya, matsalar tsaro ta rufe wasu makarantun ɗungum. Tsarin karatu kuwa an rubuta shi kamar duk kwanakin suna nan. Malami yana gudun kada a ce bai gama ba, sai ya koyar da harafi biyar a mako, ya gama littafi, yara ba su kama ko rabi ba.

Abu biyu suna hannun darakta da CGDES, kwamitin kula da makaranta, ba sai an jira Yamai ba. A ba CI ajin gini, manya su shiga zana. A kuma ajiye karan bara tun rani a wuri mai rufi, don a kafa rumfa a makon farko na Oktoba.

Mai gyaran rubutun Hausa:
Ina goyon bayan a fara da Hausa, amma da wace Hausa? Malamai da yawa sun iya ta a baki, ba su taɓa koyon rubuta ta ba. Sai ka ga an rubuta ta da ƙa'idar Faransanci: ina kouana, mouna godia, tchi abintchi. In malami ya rubuta haka a tabulo, duk sauƙin da mai horon malamai ya ambata ya tafi, don an shigo da rikicin Faransanci cikin Hausa. Nijar tana da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance tun 1999, INDRAP, cibiyar shirya kayan koyarwa ta ƙasa, ta buga littattafai da ita.

Kurakuran da suka fi yawa guda uku ne. Na farko barin ƙugiya: kafa da ƙafa, baki da baƙi, dan da ɗan, bari da ɓari. Waya ce ta ƙara yaɗa wannan, alhali akwai madannai masu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da ake saukewa kyauta. Na biyu manne wakilin suna da aikatau: yace, nagode, zanzo, a maimakon ya ce, na gode, zan zo. Na uku akasinsa, raba abin da ke haɗe: gidan su, motar ka, a maimakon gidansu, motarka. Ku duba, wannan mannewar ita ce ilia da Malam ya kawo a farko. Yaron da aka koya wa iyakar kalma a harshensa zai neme ta a Faransanci. Zaman CAPED, taron ƙara wa juna sani na malaman yanki, uku ko huɗu a kan wannan kaɗai, da dikte na Hausa ga malaman su kansu, zai rage abin sosai.

Malama a Yamai:
A ƙara da wannan: ba kowane aji ne na Hausawa zalla ba. A Yamai aji ɗaya yana haɗa mai Zabarmanci da mai Hausa da mai Fulatanci, a Abalak da Cintabaraden kuwa Tamajaq ce a gidaje da yawa. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, kundin mulkin ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ko ma mene ne a takarda, kafin a zaɓi harshen fara karatu sai an tambayi yaran ɗaya-ɗaya me suke ji, an kuma tura malamin da ya iya shi. Yaron da bai jin Hausa in aka fara masa da ita, kayan biyun nan ne dai ya ɗauka.

Malamin Faransanci, CEG, Tawa:
Bayanin kunne ya shige ni. Amma ban janye maganar dikte ba, don akwai abin da kunne ba zai taɓa bayarwa ba. Ku ɗauki les petites chèvres mangent. Alamar jam'i huɗu ce a rubuce, kunne ɗaya kawai yake ji, a les. A Hausa kuwa, ƙananan awaki suna ci, kowane jam'i ana jin sa. Yaronmu ya saba abin da ya ji shi zai rubuta, don haka sai an koya masa da gangan cewa Faransanci yana da nahawun ido. Haka jinsi: rana mace ce a Hausa, soleil namiji, wata namiji, lune mace. Kada a taɓa ba yaro suna tsirara, kullum da un ko une a gabansa, a haddace su tare.

Dikten da nake kira a dawo da shi ba na da ba ne, mai shafi guda, kuskure biyar sifili, ga kuma symbole, alamar hukunci da ake ratayawa a wuyan wanda ya yi Hausa. Wancan aunawa yake yi da tsoratarwa. Jimla biyu kullum, minti goma sha biyar, daga CE1, aji na uku. A fara karanta su a tabulo, a tattauna wuraren tarko, a goge, a yi dikten. Wajen gyara kowane yaro ya ja kibiya daga aikatau zuwa mai aikatawa, daga sifa zuwa suna. Malami ya sa alama iri uku a gefen kaye: kuskuren sauti, kuskuren daidaitawa, kuskuren kalmomi masu murya ɗaya. Na ukun yana da dabarar musanya da ba ta ɓata: in avait ta shiga wurin, a ce marar alama, in ba ta shiga ba à ce. In était ta shiga, est ce, ba et ba. Tsakanin é da er a gwada vendu da vendre. Dabara ɗaya a mako, a yi ta maimaitawa har ta zauna. Abin da ke kashe nahawu shi ne a cika kaye da ƙa'idoji ana haddacewa, yaro ya rero ƙa'idar tsaf, ya karya ta a layin da ke biye.

Uwa, ƴar ƙungiyar iyaye mata:
Malamai, Allah ya saka da alheri. To waɗanda suka riga suka kai CE2 ko CM, aji na huɗu zuwa sama, ba su iya ba fa? Ba za a maida su CI ba, sun yi girma, kunya za ta sa su bar makarantar. Mu iyaye da ba mu yi boko ba, me za mu iya?

Tsohon Sufeto:
Hajiya, akwai hanya, kuma ba baƙuwa ba ce a nan, tun da shirin École pour tous na haɗin gwiwa da Japan a jihar Tawa ya fara a 2004, daga baya ya shigo da darussan cike giɓi ta hannun kwamitocin makarantu. Ana fara gwada kowane yaro shi kaɗai, minti uku, da takarda ɗaya mai hawa huɗu: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, ɗan labari. A fara masa da sakin layi, in ya iya a hau, in ya kasa a sauka. Aji mai yara 70 awa uku da rabi ke nan, goma a rana an gama cikin kwana bakwai. Sai a raba su bisa inda suka tsaya, ba bisa ajinsu ba: waɗanda ba su san harafi ba, masu harafi, masu kalma, masu sakin layi. Awa ɗaya a rana bayan tashi ko da safiyar Asabar, rukuni kada ya wuce 20 zuwa 25. Bayan mako huɗu ko shida a sake gwaji, wanda ya ci gaba ya sauya rukuni nan take.

Inda abin ke ɓaci: a ƙi sake gwajin, rukuni ya zama aji na dindindin, a sa wa rukunin ƙasa suna na wulaƙanci, ko mai koyarwa ya koma "ku faɗa bayana". Mai sakin layi kuma kada a sallame shi don ya daina kuskure. A riƙe agogo: wanda bai kai kalma 45 zuwa 60 a minti ba, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. A yi masa tambaya biyu kan abin da ya karanta, ya amsa ko da Hausa ne.

Naku aikin, Hajiya, ku nemi darakta ya faɗi sakamakon a taron iyaye da lambobi: nawa ke matakin harafi, nawa ke matakin labari, yau da kuma bayan wata uku. A gida, yaro ya karanta miki da ƙarfi minti goma, yatsansa a kan layi, sannan ya faɗa miki da Hausa abin da ya karanta.

Malamar CI:
Ga mai cewa babu littafi: kwalin sukari ko na sabulu ya isa. A yanka shi murabba'i kamar faɗin tafin hannu, baƙaƙe da baƙin alƙalami, wasula da ja, kowane rukunin yara biyar da saitinsa a leda. Gajerun labarai kuma malaman CAPED ɗaya su raba aiki, kowa ya rubuta biyu masu layi biyar da haruffan da aka riga aka koya, mai gyaran rubutu ya duba ƙugiya da rabon kalmomi kafin a kwafa. Malamai goma sun ba da labari ashirin, na wata biyu ke nan. A rubuta su da manyan haruffa, tsayin kowanne ya kai yatsa biyu, don na layin baya ya gani.